Wa ke saman FIFA? Yadda hukumomin wasanni na duniya ke zama a inuwa ɗaya

Wani ɗan uwa ya yi tambaya, ya ce shi dai ya san FIFA ce ke riƙe da ƙwallon ƙafa, ya san akwai masu riƙe da guje-guje, akwai na dambe akwai na ninƙaya, toh wai su duka waye ogansu? Akwai wata uwar ƙungiya ne da ke zaunar da su ta ce ku yi kaza ku bar kaza, ko kowa cin gashin kansa yake yi?

Toh Malam, gajeriyar amsa dai ita ce basu da oga. Na san mutane da yawa suna ɗauka kwamitin Olamfik na duniya, wato IOC, shine kamar gwamnatin tarayya su kuma hukumomin nan kamar jihohi, amma abin ba haka yake ba. IOC ba ta da ikon ta ce wa FIFA ku mayar da wasa minti 80, ko ta ce wa masu ƙwallon kwando ku rage tsawon raga, kuma ba ita ke naɗa musu shugabanni ba. Kowace hukuma mai zaman kanta ce, tana da kundin tsarin mulkinta, tana da babban taronta inda ƙasashe ke zuwa su kaɗa ƙuri'a, FIFA kaɗai mambobinta 211 ne, sun fi na Majalisar Ɗinkin Duniya yawa. Wasu daga cikin hukumomin ma sun girmi IOC ɗin da ake ganin kamar ita ce uwa. Hukumar wasan alkafura tun 1881 take, ta tseren kwale-kwale da ta zamiyar ƙanƙara 1892, ita kuwa IOC sai 1894 aka kafa ta. Kaga kenan ba ita ta haife su ba balle ta ce za ta yi musu tarbiyya.

Abin da ke akwai shine ƙungiyoyin gamayya, waɗanda hukumomin da kansu suka kafa don su riƙa zama a inuwa ɗaya. Kuma in kana so ka fahimce su da kyau kar ka fara da sunayensu don sunayen za su rikita ka, duk haruffa ne masu kama da juna, ka fara da tambayar me ya haɗa su tun farko. Kuɗi ne ya haɗa su, musamman kuɗin talabijin na gasar Olamfik.

Ga yadda abin yake. IOC ce mai gasar Olamfik, ita ke sayar da haƙƙin nunawa a talabijin, ita ke karɓar kuɗin kamfanoni. Amma IOC ba ta da alƙalin wasa ko ɗaya, ba ta da dokar wasa ko ɗaya. In ka ga ana kokawa a Olamfik, hukumar kokawa ce ta kawo alƙalai, ita ta tsara yadda za a cancanci zuwa, ita ta auna nauyin 'yan wasa, haka a ninƙaya haka a judo. Toh da talabijin ya fara kawo kuɗi na gaske a shekarun 1960, sai hukumomin suka ce tsaya, mu ke yin aikin ku ke karɓar kuɗin, ina namu kason? Shugaban IOC na lokacin, Avery Brundage ɗan Amurka, mutum ne mai taurin kai da bai cika sauraron su ba. Shine a 1967 hukumomi 26 suka taru a birnin Lozan na ƙasar Suwizalan suka kafa gamayyar da aka fi sani da GAISF. Da ma tun 1921 an taɓa gwada irin wannan haɗin kai, aka samu wani ɗan ofishi na dindindin, amma bai yi wani ƙarfi ba. Na 1967 ɗin ne ya kama ƙasa, musamman da Thomas Keller shugaban hukumar kwale-kwale ya karɓi ragamar a 1969, ya riƙe har 1986.

Keller ya yi ƙarfi sosai, har ana kallon gamayyar kamar kishiyar IOC. Da Juan Antonio Samaranch ya zama shugaban IOC a 1980 bai tsaya cacar baki da shi ba, dabara ya yi masa. Hukumomin da ke cikin GAISF ai ba duka ne ke cikin Olamfik ba, akwai masu wasannin da ko kusa da Olamfik ba su taɓa zuwa ba, toh me zai sa a yi maganar rabon kuɗin Olamfik a zauren da suke ciki? Sai aka ƙarfafa wa masu wasannin Olamfik na bazara gwiwa suka kafa tasu ƙungiyar a 1983, ita ce ASOIF, Primo Nebiolo ɗan Italiya shugaban hukumar guje-guje ya zama shugabanta na farko. Masu wasannin hunturu su ma suna da tasu, su bakwai ne kacal, na zamiya a dusar ƙanƙara da hoki na ƙanƙara da sauransu. Daga ranar da maganar kuɗi ta bar zauren GAISF ta koma zauren ASOIF, ni a ganina daga ranar GAISF ta fara mutuwa, sai dai ta ɗauki kusan shekara 40 kafin a binne ta.

Yanzu bari in jera maka gidajen yadda suke, don sauran bayanin ya shiga. Gidaje huɗu ne, a hawa uku. A sama akwai ASOIF ta wasannin bazara da takwararta ta hunturu. Ƙasa da su akwai ARISF, wannan ta hukumomin da IOC ta amince da su ne a hukumance amma wasanninsu ba sa cikin jadawalin Olamfik na dindindin, irin su karate, ces, tseren mota, tseren babur, biliyad, har da ja-in-ja da igiya, wanda abin dariya shi ya taɓa zama wasan Olamfik daga 1900 zuwa 1920. Can ƙasa kuma akwai AIMS, da aka kafa a 2009, ta waɗanda ko amincewar IOC ɗin ba su kai ga samu ba. Burin kowa ya hau sama. Wanda ke AIMS yana neman shiga ARISF, na ARISF yana mafarkin Olamfik, na Olamfik kuma kullum gabansa na faɗuwa kar a sauke shi.

Maganar rabon kuɗin ita ce ta fi daɗi, don a nan ake ganin ainihin halin kowa. Bayan kowace gasa IOC na ware wa hukumomin bazara dunƙulen kuɗi, bayan Riyo 2016 dala miliyan 540 ne, bayan Tokiyo ma haka, kuma ba raba daidai ake yi ba. An kasa su rukuni biyar, daga A zuwa E, ana duba mutum nawa suka kalli wasan a talabijin, tikiti nawa aka sayar, yaya aka bi shi a intanet da jaridu. A rukunin A akwai guje-guje da ninƙaya da alkafura. Da can guje-guje ne kaɗai a wurin, sai bayan Landan 2012 aka sake lissafi a 2013 aka hawo da biyun, kuma masu guje-guje ba su ji daɗin haka ba ko kaɗan. Ƙwallon ƙafa tana rukunin B tare da kwando da ƙwallon raga da tanis da tseren keke, eh ka karanta daidai, ƙwallon ƙafa ba ta sahun farko a Olamfik. Guje-guje na samun kusan dala miliyan 40, na B miliyan 20 da ɗoriya, na can ƙasa miliyan 10 da wani abu, kuma wannan kuɗin na shekara huɗu ne.

Toh ka kwatanta. FIFA ta tara kusan dala biliyan 7.5 a zangon 2019 zuwa 2022, yawanci daga gasar cin kofin duniya. Miliyan 20 da ɗoriyar da take karɓa daga Olamfik ko a jikinta, in an hana ta gobe ba za ta rage ma'aikaci ko ɗaya ba. Shi ya sa take iya gindaya sharaɗinta, tun 1992 ƙwallon maza a Olamfik ta 'yan ƙasa da shekara 23 ce, daga 1996 aka yarda a ƙara manya uku, duk don kar wata gasa ta yi gogayya da kofin duniya, kuma IOC ta haƙura da hakan. Amma akwai hukumomin da wannan kason shine abincinsu, da shi suke biyan albashi, da shi suke shirya gasar duniya, da shi suke tura ɗan tallafi ga ƙasashe. Lokacin korona da aka ɗage gasar Tokiyo da shekara ɗaya sai da IOC ta ba da dama daga cikinsu rance ko ta biya su wani abu tun kafin lokaci, in ba haka ba da wasu sun rufe ofis. Saboda haka in an ce dukkansu masu 'yanci ne gaskiya ne a takarda, amma 'yancin FIFA daban, 'yancin hukumar da ke jiran cek duk shekara huɗu daban.

A nan ne ikon IOC yake. Ba ta ba da umarni, amma ƙofar tana hannunta. Ka tuna abin da ya faru da kokawa, a Fabrairun 2013 kwamitin zartarwa na IOC ya ba da shawarar a cire ta daga gasar 2020, kokawa fa, wasan da tun Olamfik na zamanin Girkawa ake yi. Cikin kwanaki shugaban hukumar ya sauka, Nenad Lalovic ɗan Sabiya ya hau, aka sauya dokokin wasa don ya fi daɗin kallo, aka ƙara ajin mata, Amurka da Rasha da Iran da ba sa ga maciji suka haɗa kai wajen kamfe, zuwa Satumba aka dawo da ita. Babu wanda ya aika musu takardar umarni, uwar bari suka gani. Na dambe ya fi muni. IOC ta dakatar da hukumar, wadda yanzu ake kira IBA, a 2019 saboda matsalar kuɗi da shugabanci da alƙalanci, ta shirya damben Tokiyo da kanta, a Yunin 2023 ta janye amincewarta gaba ɗaya, ta sake shirya na Faris da kanta. Amma ka lura da kyau, IBA ba ta mutu ba, tana nan tana shirya gasanninta, don IOC ba ta da ikon rushe ta. Abin da ta iya shine rufe mata ƙofa, ta kuma buɗe wa sabuwar hukuma mai suna World Boxing, wadda ta samu amincewar wucin gadi a Fabrairun 2025.

Wannan ya kawo mu ga wata ƙa'ida da duk tsarin ya dogara a kai, wato ba a sarki biyu a gari ɗaya. Wasa ɗaya hukuma ɗaya a duniya, kuma a kowace ƙasa ƙungiya ɗaya. Babban aikin da GAISF ta riƙa yi kenan a shekarunta na ƙarshe, tsaron ƙofa. A lokacin in ka zo ka ce kai ne hukumar duniya ta wani wasa, za a tambaye ka ƙasashe nawa kake da su, wasan bazara ana neman aƙalla 40 a nahiyoyi uku, za a duba kundinka da asusunka, a duba ko ka sa hannu a dokar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari, sannan a tambayi waɗanda ke ciki ko akwai mai ganin ka shigo masa gona. Har ma'anar wasa sai da suka rubuta: dole a samu gogayya, kar ya dogara da sa'a, kar ya cutar da wani mai rai, kar ya zama kamfani ɗaya ne kaɗai ke sayar da kayan yin sa. Sharaɗin sa'a ɗin nan ne ya sa masu karta ta foka suka ƙirƙiro wani salo da ake raba wa kowane tebur kati iri ɗaya, don su nuna gwaninta ce ba caca ba, kuma a 2017 aka ba su kujerar 'yan kallo. Ni dai har yau abin na bani dariya amma dabara ce mai kyau.

Rikicin shiga gona kuwa ba ya ƙarewa, kuma duk lokacin da sabon wasa ya fara jan matasa za ka ga tsofaffin hukumomi sun miƙo hannu. Da za a sa zamiyar allo a kan dusar ƙanƙara a Olamfik na Nagano 1998, masu wasan suna da tasu hukumar, amma IOC ta miƙa shi ga babbar hukumar zamiya FIS, har gwarzon wasan na lokacin Terje Haakonsen ɗan Norwe ya ƙi zuwa. Hukumar alkafura ta jawo fakur, wasan tsallake gine-ginen nan, masu shi na asali suna ta ihu an ƙwace musu. Wanda ya fi ɗaukar lokaci shine na tuƙa allo a tsaye a kan ruwa, masu hawan igiyar ruwa suka ce ai allo ne don haka namu ne, masu kwale-kwale suka ce ai da matuƙi ake yi don haka namu ne, sulhu ya gagara sai da aka je kotu, a 2020 kotun wasanni ta ce kowa na iya shirya gasarsa amma in maganar Olamfik ce ta masu igiyar ruwa ce. Ka ga a nan ma gamayyar ba ta iya yanke hukunci ba, iyakarta ta zaunar da su.

Kar ka ɗauka kuma duk faɗa ne, akwai wuraren da haɗin kan ya yi aiki sosai, kuma yawanci wuraren da aikin ya fi ƙarfin hukuma ɗaya ne. Na farko gwajin ƙwayoyi. Bayan abin kunyar da ya fashe a tseren keke na Faransa a 1998 aka kafa hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, a 1999, hedikwatarta na Montiriyal a Kanada, rabin kuɗinta daga gwamnatoci rabi daga ɓangaren Olamfik, ita ke rubuta doka ɗaya da jerin haramtattun ƙwayoyi ɗaya ga kowa. Kafin nan kowace hukuma da nata jerin, abin da zai sa a dakatar da kai shekara biyu a wannan wasa a wancan ko gargaɗi ba za a yi maka ba. Amma WADA ba ita ke bin 'yan wasa gida-gida tana karɓar fitsari ba, wannan aikin hukumomi ne, kuma ƙaramar hukuma mai ma'aikata biyar ina za ta iya? Shine GAISF ta buɗe sashe guda da ke yi wa ƙananan aikin a dunƙule, wannan sashen ne ya zama tushen hukumar gwaji ta ITA da ta fara aiki a 2018, yanzu har manya irin su hukumar keke sun miƙa mata nasu. Masu guje-guje kuwa nasu sashen mai zaman kansa suka kafa a 2017, FIFA ma da kanta take yi. Na biyu kotu, wato CAS da ke Lozan tun 1984, hukumomi suna rubutawa a kundinsu cewa duk wanda bai gamsu da hukuncinsu ba can zai kai ƙara, FIFA ma da ta daɗe tana noƙewa ta amince da ita a 2002. Wannan ya hana a riƙa jan hukuma ɗaya zuwa kotunan ƙasashe 200 kowacce da nata hukuncin.

Akwai kuma wani abu da ba ya cikin kowace takarda amma yana da tasiri, maƙwabtaka. IOC na Lozan tun 1915, kuma hukumomi da ƙungiyoyin wasanni fiye da 50 sun tare a birnin da kewayensa, wasu ma a gini ɗaya suke haya, wani gida da aka buɗe musu a 2006. Dokar Suwizalan ta sauƙaƙa kafa ƙungiya ƙwarai, ga sauƙin haraji, ga gwamnati ba ta cika sa baki ba. Sakataren wannan hukuma da na waccan a lif ɗaya suke hawa, ma'aikaci ya bar nan ya koma can, rabin matsalolin a wurin shan shayi ake kashe su kafin a kai zauren taro. Ba kowa ke can ba dai, FIFA na Zurik, guje-guje na Monako, badminton na Kuala Lumfur, takwando na Seul, kurket na Dubai.

Bayan 2015, shekarar da aka kama jami'an FIFA a wani otal a Zurik kuma badaƙalar Rasha ta fashe a guje-guje, ASOIF ta fito da wani tsari da nake ganin shine mafi amfanin abin da ta yi. Tana auna mambobinta da tambayoyi, kuna buga asusunku kowa ya gani? akwai iyakar wa'adin shugaba? mata nawa ne a majalisarku? akwai inda mai tsegumi zai kai ƙorafi ba tare da an gano shi ba? Kowace tambaya maki 0 zuwa 4, rahoton farko ya fito a 2017. Ba a hukunta wanda ya faɗi, ba a cire masa ko sisi, amma babu shugaban da ke son ganin sunan hukumarsa a rukunin ƙarshe abokansa na kallo, sai ga shi hukumomin da ba su taɓa buga asusu ba sun fara bugawa. Sai dai in faɗa maka gaskiya, jarrabawar tana auna abin da ke rubuce ne, mutum na iya samun kundi mai kyau a shafinsa na intanet kuma yana cin karensa ba babbaka a ofis.

Yanzu labarin yadda GAISF ta ƙare. A 2009 ta sauya suna zuwa SportAccord, ta fara shirya nata gasannin, na wasannin faɗa a Bejin 2010, na wasannin ƙwaƙwalwa, da sauransu. A 2013 Marius Vizer shugaban hukumar judo ya zama shugabanta, mutum mai buri, yana son a riƙa yin wata babbar gasa duk shekara huɗu inda dukkan hukumomi za su yi gasar duniyarsu a ƙasa ɗaya lokaci ɗaya, kai ka san wace gasa ce wannan za ta yi wa kishiya. A Afrilun 2015 a birnin Soci na Rasha ya tashi a gaban taro, Thomas Bach shugaban IOC na lokacin yana zaune, ya ce tsarin IOC ya tsufa, ba adalci a ciki, kuma komai a rufe ake yi. Wasu daga cikin maganganunsa ba ƙarya ba ne, akwai shugabannin da ke faɗin irinsu a ɓoye. Amma ya ɗebo ruwan dafa kansa, don ya manta waɗanda yake magana da yawunsu daga ina abincinsu ke fitowa. Nan take hukumar guje-guje ta fice, masu harbin bindiga suka bi, masu kibiya suka bi, kafin ƙarshen Mayu fiye da 20 sun fice ko sun jingine zama mamba, shi kuma ya ajiye muƙamin. Wata ɗaya da 'yan kwanaki kenan.

Daga nan gamayyar ba ta sake ɗaga kai ba. Patrick Baumann na ƙwallon kwando ya zo ya lallaɓa, aka dawo da sunan GAISF a 2017, aka mayar da shugabancin na karɓa-karɓa tsakanin gidajen nan huɗu don kar wani ya sake tara ƙarfi, shi kuma ya rasu kwatsam a 2018 a Ajantina. Manyan hukumomi suka fara cewa taron tsintsiya ne ba shara, gwajin ƙwayoyi ya koma ITA, kuɗi na ASOIF, amincewa ta IOC, toh me ya rage? A Nuwamban 2022 aka kaɗa ƙuri'a, 70 suka ce a rushe 22 suka ce a'a, aka rushe. Ayyukan da suka rage suka koma ƙarƙashin SportAccord, ba tsohuwar gamayyar ba, wata ƙungiya ce mai irin sunan, wadda da ma ita ke shirya babban taron shekara-shekara tun 2003, inda birane masu neman karɓar gasa da kamfanoni da shugabannin hukumomi ke haɗuwa.

Waɗanda suka yi asara ƙananan ne. A tsohuwar GAISF hukumar da ko sunanta ba ka taɓa ji ba tana da ƙuri'a ɗaya daidai da FIFA, zaure ɗaya kenan a duniya da hakan ke faruwa. A sabon tsarin gidajen huɗu ne ke zama a tebur, ƙaramar hukuma sai dai ta aika saƙo ta bakin wakilin gidanta. Kuma hawan matakalar ba sauƙi, sikwash ta nemi shiga Olamfik sau huɗu ana mayar da ita kafin a karɓe ta a gasar Los Anjalis 2028 tare da kurket da wasu uku, karate ta shiga a Tokiyo, Faris ta ce ba ta so, ta koma inda ta fito, kuma irin waɗannan da mai masaukin baƙi ya gayyato ba su shiga rabon dunƙulen kuɗin nan ba.

Ko a cikin ASOIF ɗin ma kar ka zaci baki ɗaya ne. Da aka zo maganar 'yan wasan Rasha kafin Riyo 2016, IOC ta ce kowace hukuma ta yanke nata, guje-guje da ɗaga nauyi suka hana, yawancin sauran suka bari. Bayan yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022 haka aka sake rarrabuwa, tanis ta bar su suna buga wasa ba tuta, guje-guje ta rufe ƙofa har Faris. A 2024 kuma Sebastian Coe shugaban hukumar guje-guje ya sanar cewa hukumarsa za ta ba duk wanda ya ci zinare a Faris dala 50,000, jimilla miliyan 2.4, daga kasonta na Olamfik, bai shawarci kowa ba. ASOIF ta fitar da sanarwa tana ƙorafi, don sauran hukumomi sun san gobe nasu 'yan wasan za su tambaye su ina namu, kuma basu da shi. An yi ƙorafin an gama, Coe ya biya kuɗinsa.

Toh in FIFA ko wata hukuma ta yi maka ba daidai ba, kai ɗan wasa ne ko kulob ko ƙungiyar ƙasa, ba ASOIF za ka je ba, ba IOC ba, ba za su ma amsa maka ba. Za ka fara bin matakan ɗaukaka ƙara na cikin hukumar har su ƙare, sannan ka tafi CAS, yawanci kwana 21 gare ka daga ranar da hukuncin ya iso hannunka, in ka wuce ko da kwana ɗaya shikenan. In CAS ta yanke saura kotun tarayya ta Suwizalan, ita kuma ba ta sake duba wa ke da gaskiya a rigimar, tana duba ne ko an bi ƙa'ida, misali ko an ba ka damar kare kanka ko alƙalan na da alaƙa da ɗaya ɓangaren, shi ya sa ba kasafai take soke hukunci ba. In kuwa maganar sata ce ko cin hanci, wannan ya fita daga hannun 'yan wasanni gaba ɗaya, waɗanda suka ƙwanƙwasa ƙofar jami'an FIFA da asubar 27 ga Mayun 2015 'yan sandan Suwizalan ne, da takardar masu gabatar da ƙara na Amurka a hannunsu.